Ƙugiya ta Goma Sha Uku

Kaka ce a lissafinmu na gida, amma a Madina shekarar nan zafi ya ƙi sauka. An gama yankan dabino, kasuwa ta cika da shi, duk da haka baƙaƙen duwatsun unguwarmu, Harra ta Yamma, suna riƙe da wuta har bayan la'asar. In ka dafa bangon gida sai ka janye hannu. Ni kuwa shekarar gaba ɗayanta nauyi ta yi mini. Kullum ina tashi kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa, alhali ban san wa nake jira ba.

Mu biyu ne a gidan, ni da Malam maigidana. 'Yarmu tana ɗakin mijinta a unguwar Jurf. Ɗanmu na fari kuwa, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar da aka raine mu da ita, shekararsa ta uku ke nan a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi da ake ce wa Bosniya. Shekara ukun nan Malam bai ce masa uffan ba.

Bari in faɗi mafarin abin. Ni da Malam duka daga bakin Kwara muka fito, wajen Yawuri, kuma shi ɗan masunta ne gaba da baya. Aikin hajji ya kawo shi, zama ya kama shi, ya samu aikin ban ruwa a wata gonar dabino, daga baya ya aiko aka kawo ni. Mutumin da ya tashi a cikin kwalekwale ya ƙare yana buɗe wa dabino famfo yana rufewa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sai dai duk ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, kwarin Aƙiƙ da ke bushe shekara guda ya kawo ruwa, to ba a neman Malam a gida. Yana can bakin kwarin a tsaye, hannu a baya, har ruwan ya janye. Sannan hannunsa bai manta da su ba. Komai na gidanmu da ƙulli iri ɗaya yake ɗaure shi, ƙullin masunta: bakin buhun shinkafa, kayan tafiya, igiyar shanya ta saman bene. Ƙulli ne da in ka ja shi sai ya ƙara kamawa.

Yaron a nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake mayar da amsa. Da ya girma sai sunansa ya fita daga iƙamar ubansa, wato takardar zama, kuma bai samu wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa ba. Dole ya bar garin da aka binne cibiyarsa. Malam ya riga ya gama magana da ƙanensa can gida Yawuri: kwalekwale na nan, taru na nan, ɗaki na nan, yaro ya zo kawai.

Ina zaune ina tsince shinkafa suka yi maganar.

"Baba, ban san kowa a can ba," in ji yaron. "Ko iyo ban iya ba."

"Za ka koya. A jininka yake."

"Jinina bai taɓa ganin kogi ba, Baba. Wani abokina ya samo mini aiki a Bosniya. Larabawa na zuwa hutu can, ana neman mai tuƙi da ya iya Larabci."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, a hankali, "In ka tsallake gida ka tafi wani wuri, to ka tafi da bakina a rufe."

Yaron ya tafi. Malam ne ma ya ɗaure masa akwati da igiya, ya ja ƙullin ya gwada, ya shige ɗaki bai raka shi ko ƙofa ba.

Daga nan na zama gada tsakaninsu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yaron yakan kira ni ta wayar da ake ganin juna. Malam yakan zauna a kan tabarmarsa ya juya mana baya, yana jan carbi ko yana gyaran abin da bai lalace ba. Bai taɓa tashi ya fita ba, shi ya sa ni ma ban taɓa rage muryar wayar ba.

A shekararsa ta biyu yaron ya fara kirana daga bakin wani rafi. Wani dattijo ɗan ƙasar, mai kai baƙi kamun kifi a cikin duwatsu, ya ɗauke shi yana yi masa tafinta, a hankali ya koya masa sana'ar. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Garai-garai yake, kana ganin tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, yana gangarowa da gudu tsakanin itatuwa. Yaron zai sa wani dogon wandon roba har ƙirji, ya shiga ya tsaya a tsakiya da siririyar sanda, ya yi ta kaɗa igiya a sama, gaba da baya, gaba da baya, kamar mai korar tsuntsaye a gona, sannan ya sauke ta a kan ruwa a hankali. Babu tana a ƙugiyar, babu wani koto. Gashin tsuntsu ne ake ɗaurawa da zare har ya yi kama da ƙwaro, ya sauka a kan ruwa yana yawo, kifi ya taso ya cafke. Kifin kansa kyakkyawa ne, ruwan zuma, da ɗigo-ɗigon ja da baƙi a jikinsa kamar an zana. Ya faɗa mini sunansa sau da yawa, bakina ya ƙi riƙewa. Ni dai mai ɗigo nake ce masa.

Ranar da ya fara kama ɗaya a gabana, ya ɗaga shi ya nuna mini, ya zare ƙugiyar, ya mayar da shi ruwa. Na yi salati.

"Kai! Ya kuɓuce maka?"

Ya yi dariya. "A'a Ummi, sakinsa na yi. Haka ake yi a nan. A kama, a gani, a saka."

Sai na ji muryar Malam daga bayana, yana fuskantar bango.

"Ki tambayi wanda kike magana da shi, in ya yi baƙo, hoton kifin yake dafa masa?"

Na maimaita, ko da yake yaron ya ji da kunnensa. Ya ce, "Ki ce wa mai tambaya, baƙin nan da ƙoshinsu suke zuwa."

"To ki ce masa wannan ba su ba ne. Cin mutuncin kifi ne. A yaudare shi da gashin kaza, a huda masa baki, a ce masa sai an jima."

Ranar na yi dariya har da hawaye. Shekara guda da rabi ban ji sun yi musu ba, ga shi suna yi, ko da yake ta bakina.

Da kakar shekarar tasa ta biyu ta zo, ganyen itatuwan can duk suka koma ja da rawaya. Yaron bai shiga ruwa ba, ya tsaya a gaɓa ya juya wayar yana nuna mini wasu wurare a ƙasan rafin inda tsakuwa ta yi fari-fari kamar an share. Ya ce matan kifin ne suke tona wurin da wutsiya su zuba ƙwai su rufe. Ya ce daga ƙasa suke haurowa, suna faɗa da ruwa, har su iso inda aka ƙyanƙyashe su. In lokacin ya yi sosai hukuma takan rufe rafin, ba mai jefa ƙugiya sai bayan sanyi, kuma ko taka wuraren nan ba a yi.

Malam ya tsayar da carbinsa.

"Ashe suna da hankali," ya ce wa bango. "Mu ma sarkin ruwa yakan rufe ruwa in lokaci ya yi. Ki gaya wa wanda kike magana da shi, mai ƙwai ba a ɗaukar ta. Ko da yunwa a gida."

Na faɗa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, da Hausa wannan karon, "Ki ce masa na ji."

Na sa rai daga nan ƙofa za ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Sanyi ya wuce, azumi ya wuce, salla ta zo yaron ya ce in miƙa wa Baba wayar ya yi masa barka, Malam ya tashi ya ce zai je alwala.

Da zafin shekarar da nake ba da labari ya kama, mutanen wani gida a Aƙiƙ da nake yi wa girki in suna da taro suka tafi hutu can, kuma ɗana ne ya yi ta yawo da su. Da suka dawo uwargidan ta ba ni wani ɗan ƙunshi, saƙo daga yaron. A ciki akwai ƙananan ƙugiyoyi, kowace ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, da ƙwaron gashi guda ɗaya wanda aka riga aka ɗaura, don a ga samfuri. Na ƙirga ƙugiyoyin, goma sha uku. Da Juma'a yaron ya ce mini, "Ummi, ki roƙar mini Baba ya ɗaura mini su. Ba wanda ya kai shi iya ƙulli." Na san ana sayar da irinsu a can, shago guda. Ba ƙwaro yake nema ba.

Na ajiye ƙunshin a gaban Malam bayan ya ci abinci. Ya ɗauki samfurin ya kai shi kusa da ido, don idonsa ya riga ya yi rauni, ya jujjuya shi, ya ajiye.

"Malam, ɗanka ne."

"Na san ɗan wa ne."

"Ƙulli kawai ya roƙa."

"Hajiya, na ba shi kogi guda ya ƙi. Yanzu gashin kaza zan ɗaura masa? Kwashe."

Na kwashe. Ni ba mai ja-in-ja ba ce, kuma na san in na ƙara kalma ɗaya ya ƙara shekara ɗaya. Amma da na tuna fuskar yaron, sai na kasa komawa in ce masa an ƙi. Uwargidan Aƙiƙ ta ce ɗanta zai sake komawa can kafin zafi ya ƙare, zai iya tafiya da saƙo. Sai wata dabara ta zo mini, ba mai kyau ba.

Ni mai ɗinkin hula ce, da shi na taimaka wa gidan nan shekara da shekaru, zare da allura ba baƙina ba ne. Na je inda ake yanka kaji na roƙi gashin wuyan zakara. Na tsinci na tattabaru da suka zubar a bakin tagarmu, don a garin nan ba a taɓa tsuntsu, sai abin da ya yar da kansa. Duk lokacin da Malam ya tafi masallaci tsakanin la'asar da magariba sai in fito da kayan in zauna kusa da haske. Na farko ya ci mini kwana uku. Ƙugiyar ta yi ta shiga yatsana. Amma a hankali hannuna ya gane, har na fara yi musu ado: wannan da koren zare, wancan da ruwan gwal, wani na yi masa zobe-zobe kamar bakin hula. In na gama sai in ƙulle yadda muke ƙulle ɗinki, in cije zaren. A idona sun fi samfurin kyau nesa ba kusa ba.

Ina cikin aikin, ran nan na dawo daga girki a Aƙiƙ na buɗe ƙunshin na ga ƙugiya ɗaya ba ta nan. Na ƙirga na sake ƙirgawa. Tsoro ya kama ni kada ta faɗi a ƙasa wani ya taka, ga Malam da ciwon suga, ƙaramin rauni ba ya warke masa. Na ɗaga tabarma, na kakkaɓe darduma, na share ɗakin sau biyu. Yana zaune yana kallona.

"Me kike nema haka?"

"Allura ce ta faɗi."

"Ki bar ta. In ta ga dama ta fito."

Na lura ya naɗe babban yatsansa da tsumma. Na tambaya, ya ce ƙofa ce ta matse shi. Ban kawo komai a raina ba.

Na gama goma sha biyu. Na shimfiɗa auduga a wani gwangwanin alawa na jera su. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Ni ban yi makaranta da ƙuruciya ba. Da girmana, a nan Madina, matar wani ɗalibin jami'a ta buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a ɗakinta, mu takwas, har na iya haɗa baƙi da wasali. Tun da na iya rubutu ban taɓa rubuta abin da ba haka yake ba. Ranar na yagi takarda na rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA BABANKA. Na ɗora a kai na rufe. Gwangwanin ya kwana biyu a cikin kwandon ɗinkina kafin a zo karɓa.

Da saƙon ya isa, yaron ya kira. Ya ce, "Ummi, ki ce wa Baba na gode." Na ce to. Na rage muryar wayar a karo na farko, na shiga kicin da ita, ban isar da godiyar ba. Malam bai tambayi dalilin shigata kicin ba.

Bayan sati uku Malam ya faɗi a bakin ƙofa yana dawowa daga sallar azahar. Mijin 'yarmu ya kai shi asibiti. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Kwana biyar ya yi. A rana ta uku na sunkuya na ce, "Malam, in kira yaron?" Ya dube ni. Bai girgiza kai ba, bai kuma ɗaga ba. Na kira, na kara masa wayar a kunne. Ina jin yaron yana cewa Baba, Baba, ka yafe mini, da Larabci, da Hausa, yana ta maimaitawa. Malam ya rufe ido. Hannunsa mai lafiya yana ta motsi a kan zanen gado, yatsu biyu suna murza gefen zanen. Ko yana so ya yi magana ya kasa, ko kuwa yana nan a kan bakansa, ban sani ba. Wannan rashin sanin shi ya fi cina daga baya.

Ya rasu da hantsi, aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi. A nan ba a jira. Kafin yaron ya gama tambayar yadda ake neman izinin shigowa, an riga an dawo daga maƙabarta.

Na shiga takaba. 'Yata ta zo ta yi sati biyu ta koma wa 'ya'yanta. Gidan ya yi girma. Yaron yana kira kullum, amma gajeriyar magana muke yi, ya ci abinci, na ci abinci, Allah ya ji ƙan Baba. Ni kuwa takardar nan tana zaune a ƙirjina. Wata zuciyar ta ce in bar shi da ita, ita kaɗai ce abin da yake riƙe da shi na ubansa, me zan ƙara masa in na ƙwace? Wata ta ce mutumin yana kabari, na sa masa magana a baki wadda bai faɗa ba.

Ran nan da la'asar, ba ma Juma'a ba, ya kira daga bakin rafin. Ganye ya sake yin ja. Yana zaune a kan dutse da wandon robarsa, hancinsa ya yi ja don sanyi, sandar tana ajiye a gefe. Ya ce yau ce rana ta ƙarshe, gobe za a rufe ruwa. Sannan ya ce, "Ummi, don Allah ki gaya mini gaskiya. Lokacin da Baba yake ɗaura abin nan, ya ce wani abu a kaina? Ko kalma ɗaya?"

Da bai ce don Allah ba, wataƙila da na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Na ce, "Ɗan nan, ka yafe mini. Babanka bai ɗaura ba. Na kai masa ya ƙi. Ni na ɗaura su, ni na rubuta takardar."

Na jira ya yi kuka ko ya kashe wayar. Sai na ga yana kallona kamar bai gane Hausar ba. Can sai ya yi wata 'yar dariya, hawaye na zuba.

"Ummi, ai na san naki. Tun ranar farko na sani. Wa zai ɗaura wa kifi koren zare da ruwan gwal in ba mai hula ba? Dattijon da nake wa aiki ya ce waɗannan na zuwa biki ne. Na gwada ɗaya, jifa uku gashin ya warware ya bi ruwa, ƙugiya ta dawo tsirara. Ƙullin ɗinki ba ya zama a ruwa, Ummi. Sauran sha ɗayan suna nan na ajiye, ina kallonsu."

"To in ka sani, godiyar me ka ce in yi wa Babanka?"

"Ta ɗayan mana. Na sha ukun."

"Sha biyu na sa."

"Sha uku suka zo. Ɗaya yana ƙarƙashin audugar, a kusurwa." Ya matso da fuskarsa. "Ummi, ba ki sani ba? Ni na zaci guda ɗaya ya yarda ya yi, ke kuma kika ƙara naki don kada ya zo shi kaɗai."

Na ce ya faɗa mini kamanninsa. Ya ce ba shi da kyau ko kaɗan. Baƙin zare ne mai kauri, irin wanda Baba yake ɗinke takalmi da shi, an shafa masa kakin zuma. Gashin tattabara guda ɗaya, toka-toka, an ɗaura shi a karkace. Amma a wuyan ƙugiyar ga ƙullin nan, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, irin na bakin buhu, irin na akwatin da ya tafi da shi. Ya ce, "Ko a cikin duhu na shafa shi na san hannun da ya yi shi."

Na zauna a ƙasa. Na tuna ranar da na share ɗaki sau biyu yana kallona. Na tuna tsumman yatsansa, da ƙofar da aka ɗora wa laifi. Mutumin da ba ya ganin kafar allura, ya zauna shi kaɗai ranar da nake Aƙiƙ, yana lalube da ƙugiyar da ba ta kai farce ba. Ashe duk la'asar ɗin da nake ɓoye masa aikina, ya sani. Ya bar ni da sirrina, ya riƙe nasa. Ba ya karanta boko, ban sani ba ko ya gane abin da na rubuta a takardar lokacin da ya ɗaga ta ya tura nasa a ƙasa.

Na ce, "Nuna mini shi. In gan shi ko sau ɗaya."

Yaron ya kau da kai wajen ruwa.

"Shi ya sa na kira ki, Ummi."

Ya ce tun da ya zo bai taɓa sa shi a ruwa ba, a aljihun ƙirjinsa yake. Yau da safe ya ce a ransa, Baba masunci ne, ba zai so a ajiye ƙugiyarsa kamar laya ba, bari ta taɓa ruwa sau ɗaya kafin a rufe. Ya zaɓi wuri mai zurfi, nesa da inda suke zuba ƙwai. Jifa na biyu wani abu ya taso ya ɗauka. Ya daɗe yana fama kafin ya jawo shi gaɓa, bai taɓa kama mai girmansa ba. Da ya sa hannu ya tallafo cikin, sai ƙwai suka fara zubowa a tafinsa, jajaye kamar murjani. Mace ce, tana kan hanyarta ta haurawa. Ya buɗe bakin ya ga ta haɗiye ƙugiyar can ciki, inda in ya ja sai ya yaga ta.

"Ina da zaɓi biyu," ya ce. "In ciro abin Baba ta mutu da cikinta, ko in yanke zaren." Ya share hanci da bayan hannu. "Na ji shi, Ummi, kamar yana bayanki yana gaya wa bango. Na yanke. Na riƙe ta a ruwa har ta dawo hayyacinta, ta tafi. Ta tafi da shi."

Ina jin ƙarar rafin ta cikin wayar.

"Ko hotonsa ban ɗauka ba," ya ce. "Abu ɗaya ya ba ni a shekara uku."

Na ce, "Biyu ya ba ka. Ɗayan ka yi aiki da shi yau."

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar rasuwar. Na bar shi ya yi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ranar ma ban kira ba, amma na yi ta cewa ɗan nan, ɗan nan, har ya ɗago. Kafin mu rabu ya ce, "Ƙullin bai warware ba, Ummi. Duk jan da ta yi." Na ce na sani.

Washegari bayan na yi sallar asuba, da gari ya fara haske, na ɗauki baƙin zaren Malam daga cikin akwatin kayan takalminsa na hau saman bene. Igiyar shanya tana nan inda ya ɗaure ta tun shekarar da muka tare a gidan, rana ta cinye launinta, ƙullin bai motsa ba. Ban kwance shi ba, na ji tsoron in na kwance ba mai mayar mini. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na sa tabarau, ina bin zagayensa da yatsa, inda ya shiga da inda ya fito. Sannan na gwada a kan zaren da ke hannuna. Na ja, ya warware. Na sake. Tattabaru suna sauka a kan katanga suna tashi, ɗaya ta yar da gashi kusa da ƙafata, na ɗauka na soke a gefen ɗankwalina. Ina nan ina ƙullawa yana warwarewa har rana ta hau duwatsun Harra, zafi ya kore ni ƙasa, na sauko da zaren a hannuna.